WD My Passport ko Seagate: wanne ne buɗe kwansonsa zai amfana?

Ɗan'uwa, ka ce faifan ajiyarka na waje guda biyu ne, WD My Passport da ƙaramin Seagate Expansion, dukansu bakin USB ɗinsu ya yi sako-sako, kuma an ba ka shawara ka fasa kwanson ka zare faifan ka sa a sabon gida. Shawarar ta dace da ɗaya, amma ba ta dace da ɗayan ba.

A waje kamar tagwaye suke: inci 2.5, ba sa buƙatar wutar soket, baki iri ɗaya. A ciki ne suka rabu. Yawancin ƙananan Seagate faifan SATA ne irin na laftof (SATA shi ne mahaɗin da faifai ke jonuwa da shi a cikin kwamfuta), an maƙala masa wani ɗan siririn allo mai juya SATA zuwa USB, an lulluɓe da takardar gwangwani mai gam. Ka ɓare takardar, ka ja allon a hankali, faifan ya fito cikakke. Sai ka sa shi a kwanso mai arha, ko ka jona shi da kwamfuta kai tsaye. In bakin ne kaɗai ya lalace, bayananka na nan yadda ka bar su. Sai dai ka lura da kauri: na 1TB da 2TB sirara ne, yawanci milimita 7, amma na 4TB da 5TB sun kai milimita 15, ba za su shiga laftof ba.

My Passport kuwa babu wannan ɗan allon. Bakin USB ɗin a kan allon faifan kansa aka like shi da dalma, babu mahaɗin SATA ko kaɗan. Haka WD Elements ƙarami yake, haka yawancin Toshiba Canvio. Ko ka buɗe, bakin da ya lalace ɗin nan shi za ka tarar, ba wani wurin jonawa. Abin da ya fi damuna shi ne My Passport yana kulle bayanai da kansa ko ba ka sa kalmar sirri ba, don haka sauya masa allo ba aikin gwaji ba ne. Gyaransa shi ne a samu mai gyara da hannunsa ya faɗa a aikin dalma ya sake like bakin, kai kuma ka kwashe kayanka nan take. Kafin nan ma, gwada tsohuwar wayar cajin Android mai micro USB. Tana shiga ɓangare ɗaya na bakin, kuma wani lokaci faifan kan tashi da ita, ko da kwafin zai yi nawa.

Buɗewar kanta iri ɗaya ce. Babu noti a waje, haƙoran roba ne suka riƙe murfin. Ka sa tsohon katin ATM a tsagar, ka bi gefe-gefe. Kada ka sa wuƙa ko sukundireba, don murfin ƙarfen faifan na daf da robar. Wasu haƙoran za su karye, kuma garanti ya tafi daga lokacin da ka ɓalle shi.

Kwanson roba kawai nake nufi. Murfin ƙarfen faifan kansa mai notuka masu kan tauraro, wannan ba a taɓa shi a gida, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce farantin da bayanan ke kai. Idan kuma faifan yana ƙas-ƙas in an jona shi, ciwon ba a baki yake ba, ka cire shi daga wuta. In Windows ta nemi ka yi fomat bayan ka sa shi a sabon gida, ka ƙi amincewa, don fomat zai goge bayananka.

Ni dai a matsayinka, Seagate ɗin zan buɗe yau, My Passport kuma in kai shi wurin mai dalma da kwansonsa.