Ragar inuwa mai kashi 50: ta dace da rainon tumatir a Kano?

Koriyar ragar inuwa mai kashi 50, wato mai tare rabin hasken rana, da ake samu a shagunan kayan noma na Sabon Gari ta ci kuɗinta, amma ga mai rainon tumatir da tattasai.

Amfaninta yana ga ganye. A jikinsa, musamman ta ƙasa, akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kowace da ƙwayoyin halitta biyu masu gadinta. Idan ƙasa ta bushe, shuka na ƙara sinadarin ABA, mai ba da saƙon ƙarancin ruwa, sai fotasiyam ya fice daga masu gadin, ruwa ya bi shi, su saki, ƙofa ta rufe. An tsimi ruwa, amma iskar da ganye ke haɗa abinci da ita ta daina shiga, girma ya tsaya. A zafin Afrilu hakan kan fara tun hantsi. Ragar na rage zafin ganye, ƙofofin su daɗe a buɗe.

A ɗaga ta kamar mita biyu, a bar gefe iska na ratsawa, don in ta yi ƙasa zafi take tarawa. Tumatir mai fure kuwa ta yi masa duhu, gara mai kashi 30. Ƙurar hunturu na toshe ta, sai an riƙa wankewa. A duba bakin ɗinkin kafin a biya, daga nan take fara yagewa.