Kafin Ka Biya Kuɗin Neman Tarihin Kakanka Tsohon Soja

A Katsina da Daura akwai gidajen da har yau ake cewa "kakanmu ya je Bama", amma in ka tambayi bataliyarsa ko shekarar da ya dawo, sai a yi shiru. Jikokin da ke son cike wannan giɓi sukan faɗa intanet, abin da suke fara cin karo da shi kuwa shi ne shafukan biyan kuɗi irin su Ancestry, Findmypast da Forces War Records. Shawarata ita ce a bar su zuwa ƙarshe.

Waɗannan shafuka don zuriyar Turawan Ingila da Amurka aka gina su, kuɗin wata kuma da fam ko dala ake biya. Idan hafsan Bature da ya jagoranci kamfanin kakanka kake nema, za ka iya dacewa. Farabiti ko kofur ɗan ƙasar Katsina kuwa, da wuya. Ga kuma matsalar suna. Akawun bariki kan rubuta sunan yanka ne ya haɗa da garin mutum: Musa Katsina, Audu Daura, Garba Kano. Wani ma ba garinsa ba ne, inda aka ɗauke shi ne. Ka rubuta irin wannan suna a injin bincike, mutum nawa za su fito?

Saboda haka abu mafi daraja ba ya kan intanet, yana cikin adakar tsohuwa ko tsohuwar jakar fata a ɗakin baba: littafin sallama, takardar fansho, ko wani hoto mai rubutu a baya. Lambar soja ake nema, wadda ta 'yan Najeriya a yaƙin Hitila kan fara da NA. Lambobin yabo na iya taimakawa, amma a lura. Na yaƙin 1914 zuwa 1918 an zana suna da lamba a jikinsu. Tauraron Bama da 'yan uwansa na yaƙi na biyu kuwa babu suna aka raba su, iyakar abin da za su gaya maka shi ne fagen da mutum ya je.

In ka samu lambar sojan, wanda bai dawo ba ya fi sauƙin nema, abin tausayi. Shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, wato CWGC, kyauta ne, yana ba da suna, lamba, bataliya da ranar rasuwa. Da yawa daga cikin namu suna jikin bangon tunawa na Rangun da ke maƙabartar Taukkyan a Bama, inda aka rubuta sunayen kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba. Sai dai ita kanta hukumar ta amsa a rahotonta na 2021 cewa dubban 'yan Afirka da suka mutu a yaƙi na farko ba a rubuta sunayensu ba. Rashin ganin suna ba ya ƙaryata labarin gida.

Wanda ya dawo da rai kuwa, bataliyarsa za ka bi. Ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke Kew tana da kundin bincike a intanet mai suna Discovery, dubawa kyauta. Rahoton yau da kullum na rundunonin da suka yi yaƙi a Bama yana ƙarƙashin rukunin fayiloli mai alamar WO 172, takardun neman a ba soja lambar jarumta kuma WO 373. Na biyun nan ana sauke shi kai tsaye, kuma yana bayyana abin da mutum ya yi a ranar. Na farkon sai an je ko an biya a yi maka kwafi, kuma galibi sunayen hafsoshi ne a ciki. Duk da haka, in ka san kakanka yana Runduna ta 81 da ta ratsa kwarin Kaladan a 1944, ko ta 82 da ta shiga Myohaung a Janairun 1945, za ka iya bin sawunsa kusan kullum. Hotunan waɗannan rundunoni suna shafin gidan tarihin yaƙi na Ingila, Imperial War Museum, kallo kyauta.

Ni dai in kuɗin ɗan kaɗan ne, kuɗin mota zuwa Kaduna zan mai da su. A Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke can akwai fayilolin Lardin Katsina, masu alamar KATPROF, inda wasiƙun Razdan da Di'o da En'e suke, kuma ta hannun waɗannan ne aka yi ɗaukar soja. Arewa House na nan kusa. A nemi tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, musamman na lokacin da Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai wa sojojinmu ziyara a Indiya da Bama. Aikin na hannu ne, takardu sun tsufa, wani fayil ɗin za ka gan shi a jerin suna amma a rasa shi a kanta. A tafi da haƙuri, da niyyar kwana.

Sojan da ya yi yaƙin basasa kuwa, 1967 zuwa 1970, duk abin da ke Ingila bai shafe shi ba. Takardunsa suna hannun sojan Najeriya: ofishin ajiyar bayanai na Lokoja da hukumar fanshon soja a Abuja. Kafin ka nufi can, ka fara gaida dattawan ofishin 'yan mazan jiya na garinku, ka ce "Baba, ga lambar mahaifina." Su suka san irin takardar da ake rubutawa da wanda ke sa hannu, wani lokaci ma a cikinsu akwai wanda suka yi bataliya ɗaya.