GARGAƊI: masu cewa suna sayen tsohon kwabo mai huji da miliyoyi

Jama'a don Allah ku yi hattara, ku kuma faɗa wa iyayenmu a gida. Wasu 'yan damfara sun cika Facebook da WhatsApp da hoton tsohon kwabon nan na zamanin Turawa, mai huji a tsakiya da tauraro a baya, wai suna saye miliyan biyar miliyan goma. Kana tura musu hoton naka sai su ce ai wannan na musamman ne amma sai an tantance darajarsa, ka turo kuɗin rajista, gobe kuɗin satifiket, jibi kuɗin kwastan. Haka suka yi wa kawuna, bawan Allah har raguna biyu ya sayar, ranar da ya ce ya gaji a ba shi kuɗinsa suka toshe lambarsa. Wallahi abin ya ƙona min rai.

Wanda suka fi yaudarar mutane da shi shi ne na 1936 mai sunan Sarkin Ingila Edward na 8, wai don bai daɗe a kan mulki ba kwabonsa ba shi da yawa. Eh gaskiya ne bai cika shekara a kan mulki ba ya yi murabus a Disamba, amma na Afirka ta Yamma an buga su da yawan gaske, kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini, shi ya sa ba su da wata tsada a wurin masu tara tsofaffin kuɗi, balle wanda ya sha hannu rubutun ya goge. Ƙarfen ma ba azurfa ba ne, jan ƙarfe ne aka haɗa da nikel.

Tantancewa ta gaskiya kamfanoni irin su PCGS da NGC na Amurka ke yi, kuma sai kwabon ya je hannunsu su duba su ba shi maki daga 1 zuwa 70, su rufe shi cikin roba da lambar da kowa zai iya dubawa a shafinsu. Ba a ba da maki ta hoton waya.

In kana da naka a gwangwanin kaka ka adana, kar ka goge shi da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli, gogewar ke zubar masa da daraja. Wanda kuma ya riga ya tura musu kuɗi ya garzaya bankinsa da rasit da lambar asusun da ya tura, ya kai ƙara tun da wuri.