Zama shida a gaban akwatin yashi

Bayan rasuwar Baba na yi wata huɗu barci ba ya ɗaukata sai dab da kiran assalatu. Gwaggona ce ta haɗa ni da wata masaniyar halayyar ɗan Adam a nan Kaduna, kuma yanzu na yi zama shida da ita.

Ranar farko ina ganin akwatin yashi a kan tebur gabana ya faɗi. Na ce, "Hajiya, ba dai bugun ƙasa ba ne?" Ta ce ita ba ta duba, ba ta fassara mafarki, gaibu na Allah ne. Wannan hanyar jinya da akwatin yashi ta samo asali daga Dora Kalff, 'yar ƙasar Suwizalan, ɗalibar masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung, wadda ta tsara ta a shekarun 1950 saboda akwai abin da hannu ke iya nunawa kafin baki ya furta.

An shafe cikin akwatin da shuɗin fenti, in kin tone yashin sai ki ga kamar ruwa. Ga kantar ajiye kaya cike da 'yan tsana da 'yan ƙananan shanu, gidaje, motoci da bishiyoyi na wasa. A zama na uku na haƙa kogi, na ajiye kujera a hayin can, a nan gefen kuma yarinya ta ba ta baya. Hajiya ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Da yarinyar nan za ta yi magana, me za ta ce?" Sai na ji bakina ya ce, "Ranar ban je asibiti ba." Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama. Na yi kuka mai isata, ba ta katse ni da "ki yi haƙuri" ba, kuma wannan shirun nata shi na fi gode mata a kai.

Akwai abin gyara. Kuɗin zama ɗaya na minti 50 ya kai cefanen gidanmu na mako. Wurin jira yana kallon titi, ga mutanenmu da saurin cewa wance ta taɓu. 'Yan tsanan kuma kusan duk Turawa ne, babu mai hijabi, babu tabarma, babu buta. Da na yi mata ƙorafi ta ce in zo da nawa. Makon jiya na kai carbin Baba na ɗora a kan kujerar, yarinyar kuma na juyo da fuskarta. Barci ya fara dawowa, ko da yake ba kullum ba.