Wasan kwana-kwana ko blitz, wanne ke gyara wasa a kan allo na gaske?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin blitz (ches na sauri, 'yan mintoci kacal ga kowane ɗan wasa) da wasan kwana-kwana (wanda ake ba ka kwanaki ka yi taku ɗaya) da ka tambaya, in dai so kake ka zauna gaban mutum a gasar ches ka daina zubar da wasa, ɗauki na kwana-kwana.

Ni abin da nake da shi allo ne na roba mai naɗewa, irin na gasa, da 'ya'yansa masu nauyi a gindi. Kullum yana shimfiɗe a kan ɗan tebur a lungun shagona a Agege. Idan abokin wasana ya taka a Lichess, manhajar buga ches ta intanet, ba na amsa masa nan take. Sai in jera wasan a kan allon yadda yake a waya, in bar shi. Mai saye ya zo ya tafi, in dawo in tsaya a kansa, hannuna a baya, ko soja ɗaya ba na taɓawa. In zaɓi taku biyu ko uku, in bi kowanne a ka: in na kai doki can me zai yi, in ya ci sojan nan me ya rage mini. Kafin in taka sai in rubuta amsar da nake zato a bayan littafin ciniki, in ta zo in gwada.

Akwai wani wasa da abokin karawata ya bar mini bishof, ɗan ches mai tafiya a karkace, kamar kyauta. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Na bar shi ya kwana. Da safe da na buɗe shago na sake tsayawa a kan allon, sai na ga in sarauniyata ta fita cin bishof ɗin, layin baya, inda sarkina yake, ya zama ba mai tsaro, sarkina kuma sojojinsa uku sun toshe masa gaba. Na fara buɗe wa sarki ƙofa tukuna. Wallahi tun daga ranar, ko a gaban wa na zauna, layin baya nake fara dubawa.

Abin da ya sa allon yake da muhimmanci: a gasa dokar FIDE, hukumar ches ta duniya, ita ce abin da ka taɓa shi za ka taka, kuma babu gwaji ka dawo. Manhajar Lichess kuwa, a wasan kwana-kwana, tana ba ka allon gwaji inda za ka yi ta tura 'ya'ya gaba da baya. Halal ne a dokarsu, amma in ka saba da shi lissafin ka ba zai ƙaru ba. Sannan idon da ya saba da hoton waya yakan kasa ganin bishof daga nesa idan 'ya'yan suna tsaye a gabansa.

A Lichess da Chess.com duka kana iya zaɓar daga kwana 1 zuwa kwana 14 a kowane taku. Kwana 3 ya ishe ka. Sun yarda ka duba littattafan buɗe wasa ana cikin wasan, kuma nan ne za ka koyi buɗewarka da dalilinta maimakon hadda. Injin kwamfuta mai lissafa maka taku kuwa haramun ne, suna rufe asusu a kansa. Ƙungiyar ICCF, ta masu buga ches daga nesa irin na kwana-kwana, ta yarda da inji, don haka ba wurinka ba ne yanzu. Hanyar ma ba sabuwa ba ce: Paul Keres na Estoniya da wasan wasiƙa, inda ake aika taku ta gidan waya, ya gina kansa yana yaro, ya zo ya lashe babbar gasar AVRO ta ƙasar Holan a 1938.

Kada dai ka buɗe wasanni ashirin lokaci ɗaya. Huɗu ko biyar, ka ba kowanne haƙƙinsa.

Blitz kuma, to, yana sabar da kai da agogo, yana kashe lokaci in cunkoso ya riƙe ka a Oshodi. Iyakarsa ke nan a wurina, ga shi netwok na ɗaukewa ka sha kashi a banza. Don agogo gara ka riƙa buga na minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a ƙarshen mako, a kan allo, da mutum.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da kaya a intanet. Hoton allon gasa za su nuna maka, a kawo maka na wasan yara mara nauyi wanda fanka ke kayarwa. Ka tambayi awo: tsayin sarki kusan santimita 9.5, kowane gida santimita 5 zuwa 6. Na gilashi na ado ne, bar shi. Agogo ma ka gwada da hannunka ka tabbatar yana ƙara daƙiƙa bayan kowane taku, kuma kada ka tura kuɗi kafin ka ga kaya. Wanda ya ce shi koci ne mai muƙami, ka nemi lambarsa ta FIDE ka duba a shafinsu, kyauta ne.

Sayi allon roba mai 'ya'ya masu nauyi, buɗe Lichess tunda ba a biyan ko sisi, ka fara da kwana 3. In kana so ka turo mini gayyata mu buga ɗaya, in mun gama mu bi shi taku-taku.