Taswirar ASECNA, Jeppesen ko Lido: wace matuƙin Yamai zai saya?

Idan hazo ya rufe Yamai lokacin hunturu, matuƙin jirgin sama da ke gangarowa filin Diori Hamani da na'ura ba ya ganin titin sauka sai ya zo dab da shi. Lambobin kan taswira kawai yake bi. Kafin a biya kuɗinta, ya kamata a san cewa duk masu sayarwa daga rijiya ɗaya suke ɗiba. Ba kamfanin taswira na Jeppesen ke auna titin Yamai ko na Tawa ba. Bayanan suna fitowa ne daga AIP, littafin bayanan sufurin jiragen sama da ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta wasu ƙasashen Afirka, ke wallafawa a madadin Nijar, kamfanoni su kwashe su sake zanawa. Abin da ake saya shi ne tsari, saurin sabuntawa da faɗin ƙasashen da aka haɗa.

AIP ɗin kyauta ne a intanet, kuma shi ne na hukuma. Mai zirga-zirga tsakanin Yamai, Wagadugu, Bamako, Kwatano da Njamena zai samu komai wuri guda, tunda duk ƙasashen ASECNA ne. Amma da an nufi Kano ko Sakkwato sai an nemo na Najeriya, Akara na Gana, Tamanrasat na Aljeriya, kowa da irin zanensa. Wasu ƙasashen ma OCA/H kawai suke bugawa, wato tsayin da ya kuɓutar da jirgi daga abin karo, lissafin tsayin yanke shawarar sauka ko fasawa da nisan gani ya rage ga kamfanin jirgin. Ga kuma ɗawainiyar sauya shafuka da kanka, wadda nan ne yawanci ake makara.

Jeppesen ya fi dacewa da mai ƙaramin jirgi ko ƙaramin kamfani. Zanensa iri ɗaya ne ko'ina a duniya, mitar rediyo, alkiblar sauka da tsayi suna jere a saman shafi, ana sabunta taswirorin filaye duk kwana 14, kuma suna shiga manhajoji irin su ForeFlight da Garmin Pilot har a ga jirgi yana tafiya kan taswirar. Sai dai yanki-yanki ake sayarwa. Kafin biya a nemi jerin filayen da ke ciki, a duba DRRN na Yamai, DRRT na Tawa, DRRM na Maradi, DRZR na Damagaram da DRZA na Agadas. Lido na Lufthansa Systems da na Navblue na Airbus kuwa, galibi kamfanonin jiragen fasinja ne ke ɗaukar su da kwangila, matuƙi ɗaya ba shi da dalilin bin ta kansu.

Inda aka fi samun matsala ba zanen ba ne, kwanan wata ne. Sauye-sauyen hanyoyin sama suna fara aiki bisa tsarin AIRAC, duk kwana 28, ranar Alhamis, yawanci zagaye 13 a shekara. Lambar zagayen tana faɗin kanta: 2405 na nufin na biyar a 2024. Taswira na iya zama sabuwa, rumbun bayanan GPS na jirgi kuma na zagayen da ya wuce, kowanne daidai a ranarsa, amma ba su yarda da juna ba. Ko suna zagaye ɗaya ma, sunan wuri na iya bambanta. A Disamban 1995, matuƙan jirgin American Airlines mai lamba 965 da ke sauka Kali a Kolombiya sun ga harafin R kan taswira na tashar Rozo, suka shigar da shi, kwamfutar jirgin ta ba su Romeo da ke kusa da Bogota. Jirgin ya karkata ya daki dutse. A ganina, in da hali, taswira da rumbun bayanai su fito daga kamfani ɗaya. Tsakanin zagaye biyu kuwa babu kuɗin da ke ɗauke wa matuƙi karanta NOTAM, wato sanarwar sauye-sauye ga matuƙa, da ƙarin shafukan AIP: ILS, na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa titin sauka, da aka kashe don gyara yana nan zane radau a taswirar da aka sabunta jiya.

Gwajin da za a yi kafin biya ba shi da wuya. A ɗauki taswirar ILS ta Yamai daga mai sayarwa, a ajiye ta gefen ta AIP, a gwada mita, alkibla, tsayin bakin titi, hanyar fasa sauka, da MSA, wato tsayin da ke ba da tazarar ƙafa 1000 sama da abin karo cikin mil 25 na teku. Sannan a lura da yadda aka rubuta lambobin wuri. Tun 1998 ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta ɗora kowa kan ma'aunin WGS-84, amma rubutun bai zama ɗaya ba: wani da daƙiƙa, wani da kason minti. 13°28'50" da 13°28.50' sun yi kama a ido, tsakaninsu kuwa kusan mita 600 ne, kuma mai shigar da su da hannu cikin gaggawa ba zai lura ba.

Wanda ya zaɓi kwamfutar hannu ya tuna da zafin Afrilu: idan ta sha rana a gaban gilashi tana kashe kanta. A riƙe ta biyu a inuwa, ko a buga takardun filin zuwa da na filin ko-ta-kwana a ranar tafiya. Kamfanin haya kuma ya fara jin sharuɗɗan ANAC, hukumar sufurin jiragen sama ta Nijar, kafin ya fitar da takarda daga jirgi gaba ɗaya.