Tsakanin Here Comes Mr. Jordan da Heaven Can Wait na 1978

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka ɗauka cikin finafinan nan biyu. Ɗauki na 1941, wato Here Comes Mr. Jordan. Duka biyun ina da su a faifai, ɗaya har ya fara karcewa saboda yawan kallo, ɗayan kuwa yana nan cikin ledarsa yana shan ƙura.

Labarinsu ɗaya ne, don na 1978 maimaicin na farkon ne. Joe Pendleton ɗan damben boksin ne a Amurka, yana tuƙa ƙaramin jirginsa za shi fafatawa sai jirgin ya rikito. Wani sabon ma'aikaci mai lamba 7013, cikin masu ɗaukar rai, ya ga abin ba kyan gani, tausayi ya kama shi, ya zare ran Joe tun kafin jirgin ya kai ƙasa. Da aka buɗe littafi sai aka tarar saura masa shekara 50 a duniya. Aka ce to a mayar da shi, ashe manajansa Max Corkle ya riga ya sa an ƙona gawar. Dole shugaban ma'aikatan, Mr. Jordan, ya nemo masa aron jiki, aka dace da na wani attajiri Farnsworth wanda matarsa da sakatarensa suka gama nutsar da shi a bahon wanka. Ka ƙiyasta idonsu da suka ga maigida ya fito yana tafiya da ƙafarsa.

Da kawuna na fara kallonsa, mutumin da in ana dambe ba ya jin kiran abinci, Turancinsa kuma bai wuce gaisuwa ba. Ina fassara masa sama-sama har muka iso inda Joe, a jikin attajirin, yake ƙoƙarin shawo kan Max ya yarda shi ne yaronsa da ya mutu. Max na neman ƙofar gudu, ya ɗauka mai kuɗin ya taɓu. Sai Joe ya ɗauko saksofon ɗinsa ya yi irin mummunar busar da ya saba. Nan fuskar Max ta sauya. Can kuma sai ga shi yana yi wa iska magana da ladabi, wai da Mr. Jordan yake, alhali ba ya ganinsa. Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in bar fassarar haka, ya gane. James Gleason ne ya fito a Max, kuma a wurina shi ne gishirin fim ɗin, duk da Robert Montgomery ne jarumi. Claude Rains a matsayin Mr. Jordan ba ya ɗaga murya ko sau ɗaya, murmushi kawai, irin na babban da ya san inda zancen zai ƙare.

Wata dabara da nake so: mu masu kallo Joe muke gani da fuskarsa ta asali, mutanen cikin fim ne kaɗai ke ganin Farnsworth. Ba kwalliya, ba siddabarun kyamara, kuma abin ya zauna daram. Bai yi banza ba da ya ci Oscar biyu, babbar kyautar finafinai ta Amurka, duka a kan rubutun labari. Ƙarshensa kuma ba dariya ba ce zalla, akwai wani ɗan ɗaci da zai bi ka har wurin kwanciya, ba zan ɓata maka ba.

Na 1978 na Warren Beatty ne, mai kala ne, hoton ya fi tsabta, ba laifi. Sai dai sun mayar da Joe ɗan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Los Angeles Rams, wasan da har yau ban gane kansa ba. Sau ɗaya na kalla.

Kada wani ya taso mini da batun aƙida. Kowa ya san mai ɗaukar rai ba ya kuskuren lokaci. Tatsuniya ce ta Turawa, sun mayar da lahira kamar ofis mai rajista da sabon ɗauka da ke kwafsawa, gajimare da jirgin sama kawai ake nunawa. In da yara za ka kalla, ka faɗa musu haka tun farko.

Ka kula da masu tura fim a waya da masu faifai. Akwai wani Heaven Can Wait na 1943, na Ernst Lubitsch da Don Ameche, labarinsa daban ne kwata-kwata: wani tsoho ne ya kai kansa ƙofar wuta yana ba da tarihin rayuwarsa da mata. Suna kawai suka haɗa. Ni an taɓa sayar mini da shi a kwalin Warren Beatty, da na koma mai shagon ya rantse duk ɗaya ne. Ka sa a kunna maka a gabanka kafin ka biya. Na 1941 baƙi da fari ne, tsawonsa kusan awa ɗaya da rabi, in ka ga kala to ba shi ba ne. Ka kuma ja shi zuwa ƙarshe ka ji ko murya na tafiya daidai da baki.

In kuma kai mai son finafinan Indiya ne, sun yi nasu a 1968, Jhuk Gaya Aasman, na Rajendra Kumar da Saira Banu, da waƙoƙin Shankar-Jaikishan. Shi ma ka neme shi, amma bayan ka ga na 1941.